Tsohon jins na asali: in shiga gona da shi ko in ajiye?

Ɗan'uwa na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce a ƙauye kake zaune, noma da kiwo ne aikinka, kuma ka daɗe da sha'awar tara tsofaffin wandunan jins da rigunan aiki irin na mutanen da, yanzu ga shi ka tsinci wani tsohon Levi's a cikin gwanjo wanda kake zaton ya kwana biyu a duniya, kana so ka san ko ka riƙa shiga gona da shi ko ka ajiye, ta yaya za ka gane shekarunsa, sannan wai da gaske ne ba a wanke irin waɗannan kaya. Toh ni dai na daɗe a kan keke ina gyaran jins, kuma ina noma, don haka abin da hannuna ya taɓa zan faɗa maka.

In har wandon nan ya tabbata tsoho ne na gaske, kada ka kai shi gona. Ka nemi sabo wanda aka ɗinka a kan tsarin na da, shi za ka yi aiki da shi har ya tsufa a jikinka. Kuma ka riƙa wanke shi, maganar nan ta "ba a wankewa" ba da manomi ake ba, zan zo kanta.

Amma fara da sanin abin da ke hannunka. Duk wani ƙarfe da ɗinki da kake gani a jikin wandon nan ba ado ba ne tun asali, wata matsala ce ta mai aikin ƙarfi aka magance. Wani tela ne mai suna Jacob Davis a garin Reno na jihar Nevada ya ga aljihun ma'aikata na yawan yagewa ta kusurwa, sai ya fara buga ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a wajen, shi da Levi Strauss ɗan kasuwar San Francisco da yake sayen yadi a wajensa suka samu takardar mallakar wannan dabara ranar 20 ga Mayu 1873. Daga nan abin ya tashi. Lambar 501, wadda ake kiran wannan samfurin wandon Levi's da ita, ta zo wajen 1890, madaukan bel sai 1922, kafin nan igiyar kafaɗa ake ratayawa kuma akwai wani ɗan maɗauri a bayan ƙugu da ake tsuke wandon da shi. A 1937 suka lulluɓe ƙusoshin aljihun baya da yadi saboda mutane na kukan suna karce sirdi da kujeru. Wandon Wrangler, na wani kamfanin daban, da ya fito a 1947 don mahaya doki aka yi shi, shi ya sa ƙusoshinsa shafaffu ne. Kamfanin Carhartt ya fara a Detroit a 1889 da obarol, wato wandon aiki mai rufe ƙirji da igiyar kafaɗa, na ma'aikatan jirgin ƙasa, kamfanin Lee kuma ya fito da rigar nan mai haɗe da wando a 1913. Kaga kenan kai da ke gona ka fi duk wani ɗan gayu na birni haƙƙin saka waɗannan kaya, don irinka aka yi su.

Yanzu ɗauko wandon ka juya cikinsa waje mu duba tare. Abu na farko ɗan jan ƙyallen da ke maƙale a gefen aljihun baya na dama, wanda aka fara sakawa a 1936. In an rubuta sunan Levi's a jikinsa duk da manyan baƙaƙe, wato E ɗin babba ne, akwai alamar kafin 1971 aka yi shi, domin daga shekarar ne suka koma ƙaramin e. Amma fa kada ka tsaya nan, nan ne mutane da yawa suke faɗawa, don kamfanin da kansa yana sake ɗinka tsofaffin samfurinsa tun shekarun 1990 da babban E ɗin, ga kuma 'yan jabu da ba su da aiki sai kwaikwayon wannan ƙyallen. Sai ka duba ciki, in akwai farar takardar da ke bayanin yadda ake wanki to ba zai wuce farkon shekarun 1970 ba a tsufa, kafin nan ba a saka ta. Ka laluba bayan aljihun baya ta ciki, in ka ji ko ka ga ƙusa a ɓoye a kusurwa, wannan tsakanin 1937 ne da wajen 1966, bayan nan ɗinki mai kauri suka maye gurbinta da shi. Tambarin ƙugu mai dawakai biyu kuwa fata ce ta gaske har zuwa tsakiyar shekarun 1950, sannan aka koma wata takarda mai tauri. In ka ga maɗaurin nan na bayan ƙugu kuma komai na wandon ya nuna tsufa na gaske, to ka riƙe shi da hannu biyu, domin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka cire shi don tsimin ƙarfe da yadi, har ɗinkin nan mai lanƙwasa na aljihun baya fenti aka riƙa shafawa a madadinsa a lokacin.

Sai ƙafar wandon. Ka naɗe ta ka duba ɗinkin gefe na waje. In ka ga bakin yadin a rufe yake da kansa, fari da ɗan jan zare a tsakiya, ba zigizag aka bi shi da shi ba, shi ne ake ce wa salbej. Tsohuwar masaƙa mai ƙoshiya ce ke yin sa, ƙoshiyar ta je ta dawo da zare ɗaya ba yankewa, sai bakin ya fito a kulle, kuma yadin ba shi da faɗi, inci 30 ne ko kusa da haka. Masaƙar White Oak ta kamfanin Cone a Greensboro ta jihar North Carolina ita ta daɗe tana saƙa wa Levi's wannan yadi, ta rufe a ƙarshen 2017. Shi 501 na kasuwa ya bar salbej tun farkon shekarun 1980. Toh alama ɗaya ba ta yanke hukunci, sai sun haɗu sun yarda da juna. Wando mai babban E amma ga takardar wanki sabuwa fil a ciki da rubutu cikin harsuna barkatai, ai ka san na baya-bayan nan ne.

Me ya sa na ce kada ka kai tsohon gona? Auduga tana tsufa ko ba a saka ta ba. Zaren da aka ɗinka wandunan da da shi ma na auduga ne, shekara hamsin ko sittin ta ci ƙarfinsa, ido ba zai nuna maka ba sai ranar da ka tsuguna da fartanya ka ji ɓaraf a hantsa. Na taɓa karɓar wata tsohuwar jaket da mai ita ya yi sati biyu kacal yana ɗaukar buhu da ita, kafaɗar ta buɗe, ina sa allura yadin na bin allurar yana rugurgujewa, wallahi sai da abin ya taɓa min rai don ba a sake yin irinta. Kuma ba maganar tausayi kaɗai ba ce, kayan nan suna da daraja a wajen masu tarawa. A 2022 an yi gwanjon wani Levi's na shekarun 1880 da aka tsinta a tsohon ramin haƙar ma'adinai a Amurka, ya tashi a dala 76,000 kafin a ɗora kuɗin masu gwanjon. Ba ina ce maka naka zai kai ko kusa ba, mafi yawan abin da ake tsinta na shekarun 1980 da 1990 ne, kuma irin waɗannan kam ka saka abinka ka yi aiki, suna da yawa kuma yadinsu da sauran ƙarfi. Amma duk wanda ya haura 1971 a tsufa, na fita unguwa ne da ranar hutu.

Na aiki fa? Nan Japanawa suka yi wa duniya rana. Lokacin da kamfanonin Amurka suka koma manyan injinan saƙa masu sauri, wasu ƙananan kamfanoni a Osaka da kewayenta suka tsaya kai da fata suna warware tsofaffin wanduna zare-zare don su gane yadda aka yi su, Studio D'Artisan tun 1979, sai Denime da Evisu da Fullcount da Warehouse suka biyo baya, yawancin saƙar da ɗinkin kuma a yankin Okayama ake yi, musamman Kojima. Kayansu suna da kyau ba ƙarya. Sai dai bari in faɗa maka abin da masu tallar ba za su faɗa ba: salbej ba shi ke sa wando ƙarfi ba. Bakin yadi ne kawai. Ƙarfi yana wajen ingancin zaren da matsewar saƙar da kuma ɗinkin. Wando na zallar auduga mai ɗinki uku a jere wanda ba salbej ba zai iya binne salbej mai tsada a gona. In sha'awar ce ta sa ka saya toh madalla, ni ma ina da su kuma ina son su, amma ka san don me ka saya.

Abin da za ka duba shi ne nauyi da yanka. Ana auna yadin jins da oza a kan kowane yadi murabba'i. Oza 10 zuwa 12 shi ne mai sauƙi, yana shan iska kuma yana saurin bushewa, 13 zuwa 14 shi ne irin na tsofaffin 501 kuma a ganina nan ne daidai ga mai aiki. Akwai masu oza 21 har sama, masu tarawa na ji da su, amma ka gwada yini guda kana sunkuye da shi cikin rana, bayan gwiwarka zai gaya maka, in kuma raɓa ko ruwa ya jiƙa shi ka ɗauki kaya a ƙafa har yamma. Kauri ma ba kullum yake nufin daɗewa ba, yadi mai tauri sosai yana karyewa ne a kan layin da ya saba lanƙwasa. Yanka kuwa ka nemi irin na shekarun 1940 da 1950, ƙugu a sama, cinya a sake, ƙafa a miƙe. Wannan ba don kamannin da kawai ba, in ka sunkuya bayanka a rufe yake kuma hantsar ba ta ɗaukar duk nauyin. Ka guji mai roba a cikin saƙar, zafi da wanki suna kashe robar, gwiwa ta yi buhu, kuma facinsa ba ya zama.

Wani abu da ke ba sababbin shiga mamaki shi ne tsukewa. Tun 1930 aka samu dabarar Sanford Cluett ta tsuke yadi a masana'anta kafin a yanka, yawancin jins na yau sun bi ta nan. Amma masu kwaikwayon na da sosai ɗanye suke barin sa, wankin farko yana iya cin kusan kashi 10 cikin 100, inci ɗaya ko biyu a ƙugu, tsawo har inci uku. Don haka ka tambaya kafin ka saya, kuma kada ka kai wa tela ya rage tsawon sai ya sha ruwa sau biyu. In ka ga ɗinkin ƙafar ya ɗan murɗe zuwa gaba bayan wanki ba aibu ba ne, halin saƙar ne, shi ne ma Wrangler ya magance a 1964 da saƙa mai juya hanya.

Toh mu zo maganar wanki, don ita ta fi damuna. Zaren tsaye kaɗai ake rinawa da shuni, na kwance fari ake barin sa, shi ya sa cikin wandon ya fi haske. Kuma shunin ba ya shiga har zuciyar zaren, a bayansa yake kwanciya, tsakiyar fara ce. Duk inda ya gogu sai shunin ya kankare farin ya leƙo. Shi ke nan sirrin koɗewar da ake yayi, layukan cinya, saƙar zumar bayan gwiwa, shatin abin da ke aljihu. Masu zaman ofis da ba sa gumi sai suka ga in sun yi wata shida ba wanki layukan sun fi fitowa baro-baro, daga nan maganar ta bazu har ta zama kamar doka. Kai kuwa ƙasa da yashi da gumi da taki ne ke shiga yadinka kullum. Ƙwayar yashi in ta maƙale tsakanin zare, duk takun da ka yi tana yankan sa kamar zarto, gishirin gumi kuma yana busar da audugar ta yi ƙarau. Wandunan da ake kawo min da fashewar hantsa tun ba su shekara ba, kusan duk marasa ganin ruwa ne. Mutanen da suka saka kayan nan a 1940 ai wanke su suke yi duk lokacin da suka yi datti, kuma koɗewar tasu ce yau ake biyan kuɗi ana kwaikwayo.

Yadda nake yi ba wuya. In ya yi datti in kakkaɓe shi, in juya cikinsa waje, ruwa mai sanyi da sabulu kaɗan, ba bilic, ba dirza da buroshi mai tauri a waje ɗaya don zai bar farin tabo, in ɗauraye sosai har ruwan ya fita garau, in shanya a inuwa a juye. Wankin farko ka yi masa shi kaɗai don zai zubar da shuni. Masu cewa a saka shi a firiza ya kashe ƙwayoyin cuta, sanyi ba ya kashe su, kwantar da su yake, da ya ji ɗumin jiki warin ya dawo, dattin kuma yana nan inda yake. Sannan in da hali ka samu biyu ko uku kana juyawa, wando da ya huta ya bushe tsakanin sakawa ya fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Akwai inda sha'awa dole ta ja baya, ka ji ni da kyau a nan. Ranar feshin maganin ƙwari ko na ciyawa ba ranar jins ɗinka ba ce. Auduga tana shanye maganin ta riƙe shi a kan fatarka, kayan feshi daban suke, a wanke su daban da ruwan zafi ba tare da kayan iyali ba, wanda kuma ɗanyen maganin da ba a sirka ba ya zube masa sosai zubar da shi ake yi komai sonka da shi. Haka naɗin ƙafa mai faɗi da ake yi don a nuna jan zaren salbej, kyakkyawa ne a hoto, amma kusa da injin casa ko bel ɗin injin niƙa ko sandar da ke juyawa a bayan tarakta, duk abin da ke reto haɗari ne, igiyar obarol da ta saki, jaket a buɗe, zaren da ya tsiyaye a gwiwa. Injin ba ya jira. In kana walda ma naɗin nan tartsatsi yake tarawa. Ka rage tsawon daidai takalminka, ka bar naɗin sai ranar fita.

Gyara kuwa tun kafin ya huje ake yi. Ka riƙa ɗaga wandon a rana kana duba hantsa da gwiwa da bakin aljihu, duk inda haske ya fara ratsawa lokaci ya yi. A sa ƙyallen jins mai laushi ta ciki, wanda bai fi wandon kauri ba, a bi shi da keke gaba da baya ana bin hanyar zaren tsaye da zare mai launin inda ya koɗe, ba launin wandon yana sabo ba. In aka sa faci mai tauri a kan yadi da ya gaji, gefen facin ne zai sake yagewa. Manoman arewacin Japan sun daɗe da irin wannan, suna jera faci kan faci da ɗinkin hannu da suke kira sashiko har riga ta wuce daga uba zuwa ɗa, yau gidajen tarihi ne ke ajiye su. Kada ka yar da wandon da ya mutu gaba ɗaya, shi ne ma'ajiyar facin sauran. Shi kuwa tsohon na asali, in yana buƙatar gyara, a yi kaɗan iya abin da zai hana ɓarnar ci gaba, kada a canza masa maɓalli ko a yanke kalmasar ƙafarsa, wannan kalmasar mai murɗaɗɗen koɗewa tana cikin abin da masu sani ke fara dubawa.

Ba wando kaɗai ba ne fa. In kana son tarin naka ya yi ma'ana ga rayuwar da kake yi, ka waiwayi rigunan. Shuɗiyar rigar ma'aikatan Faransa mai manyan aljihu uku ko huɗu a gaba, wadda manoma da makanikai suka sha sakawa, ban ga rigar da ta kai ta amfani a gona ba, wuƙa da igiya da iri duk su shige. Ga mai ruwan ƙasa ta yadin kanbas irin ta Carhartt da ƙaya ba ta cika kamawa ba, ga obarol mai ratsin shuɗi da fari na ma'aikatan jirgin ƙasa. Jaket ɗin Levi's ma kala uku ne masu tarawa ke bi, ta farko mai aljihu ɗaya da maɗauri a baya, ta biyu mai aljihu biyu da ta fito a 1953, sai ta uku ta 1962 wadda kowa ya sani yau. Biyun farko gajeru ne masu faɗin ƙirji, sun fi daɗin ɗaga hannu.

Ajiya a ƙauye ita ma sai da lura, don abokan gabar suna da yawa: laima, gara, ɓera, asu. Ka wanke kaya ya bushe ƙarau kafin ka ajiye, dattin jiki ne ke kiran ƙwari. Kada ka ƙulle shi a leda, gumi zai yi ya yi funfuna, ƙusoshin su yi kore su ɓata yadin. Ka naɗe shi a tsohon zanen gado na auduga, a akwatin da ke sama da ƙasa kuma bai jingina da bango ba, nesa da inda ake ajiye hatsi. Jaket mai bargo a ciki irin Storm Rider ta Lee ita asu ya fi so saboda ulun, ita za ka fi yawan dubawa. Duk bayan 'yan watanni ka fito da su su sha iska a inuwa, ka canza inda ka ninke don kada layin ya zauna ya koɗe, rana kuma in ta daɗe tana dukan gefe ɗaya za ta bar masa shati da ba ya fita.

Shi wannan da ka tsinta, ka fara duba jan ƙyallen da takardar ciki da bayan aljihun, ka ɗauki hotonsu da na bayan maɓallin sama, akwai lambar masana'anta da ake bugawa a wajen, in ka ga 555 ta titin Valencia ce a San Francisco. Kafin ka gama tantancewa kada ka kai shi wajen tela, kada kuma ka sa masa ruwan zafi.